Hoton Luba a Cikin Ƙanƙara

Luba ta aiko hoto daga ƙasar da take karatu,
ta ce, Baffa, ga ƙanƙarar da nake ba ku labari.
Na wanke shi, na sa tabarau, na matso bakin shago.
Toka na gani,
fili guda na toka kamar an kwashe murhun mai tsire,
a tsakiya wani baƙin kututture da hular ulu,
wai ita ce ɗiyar ƙanena.

Uwarta ta karɓa, ta juya shi, ta ce yarinyar nan ta rame,
ko ba su da rana ne a can?
Na ce suna da ita. Na'urar ce ta tsorata.

Ban taɓa taka ƙanƙarar sama ba,
iyakata Kano, sai Ƙwanni sau biyu,
amma shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar hoto a Rijiyar Ɗorawa,
na san abin da fari ke yi wa kyamara.
Na san shi ran Juma'a da ƙarfe biyu,
in dattawa sun jeru cikin farar shadda
jikin bangon da aka shafe da farar ƙasa jiya.
Na san shi a rumfar Altine, watan azumi,
in ya yaye buhu daga kan ƙanƙararsa
ta ƙyalla har mai saye ya runtse ido.

Kyamarar da ke auna wa kanta haske
ba ta yarda duniya za ta yi fari fat ba.
Komai a wurinta tsaka-tsaki ne,
kamar mai sulhun da ke raba laifi biyu
ko da mutum ɗaya ne ya yi.
In fari ya cika mata ido sai ta tsuke shi,
fari ya koma toka,
fuska irin tamu kuwa ta nutse kamar guga.

To, Luba, gaya wa ƙawar nan da ke ɗaukarki:
akwai alamar ƙari da ragi a gefe,
ta ƙara ɗaya. In bai isa ba ta ɗan ƙara.
Zai yi mata kamar kai ruwa gulbin Rima,
ga haske har ya ishi mutane, a ce a ƙaro?
Ta ƙara dai. Ni ma sai da na ɓata fim uku
da hoton ɗaurin auren Sahabi tela
kafin na yarda. Har ya rasu bai daina yi mini gori ba.

Sannan idonta ba ya kama abin da ba shi da baki.
Za ku ji yana shiga yana fita
kamar ɗan akuya da ya ɓace wa garke.
A ba shi abin riƙo:
gefen gyalenki, ko girarki, ko reshen da ke bayanki.
Ta danna rabi, kada ta saki,
ta daidaita tsayuwa, sannan ta ƙarasa.
An ce sanyi na shanye batir, a sa shi aljihun ciki.
Wannan ji na yi. Mu nan zafi ke cinye namu.

Ɗazu da la'asar na koma wurin Altine,
na sayi ɓari guda, na ɗora dabino a kai,
na ƙara ɗaya, na kama ƙwayar, na danna.
Fari ya fito fari, har tsagar da ke cikinsa,
dabinon da duk tamojinsa.
Kafin in ɗauki na biyu rabi ya bi ƙasa,
yara sun kwashe saura.

Zan aiko miki ki gani.
Wancan naki kuwa uwarki ta hana in gyara.
Ta sa shi cikin jakar carbinta,
ta ce a bar mata shi haka,
ita ta gane ki tun daga tsayuwa.