Sanƙiran Allura

Allurar garmahona ba ta ɗaga murya.
Raɗa take yi, kamar baƙuwa a gidan makoki.
Sai an sa mata sanƙira,
ɗan akwatin da zai karɓi raɗar daga bakinta
ya miƙa wa amsa-kuwwa, ita kuma ta shaida wa ɗaki.

Nawa sanƙiran ya tsufa.
Shekara goma sha tara yana cinye rabin saƙo a hanya.

Ran Talata Hamajoda ya zo daga Lopere,
akwati biyu ɗaure a bayan babur,
naɗe cikin bargo kamar jariran kaka.
Ya ce, daga Duwala suke, aron kwana uku,
wanda ka riƙe, sefa dubu ɗari takwas.
Na ce, kuɗin bijimi biyu ke nan.
Ya ce, bijimi ba ya waƙa, Baba.

Na farko mai kwalabe ne,
ƙwayaye huɗu masu ja kamar garwashin mai tsire.
Sai ya ɗau zafi kafin ya buɗe baki,
a Garwa kuwa, cikin watan Afrilu,
zafi ba abin da ake saye ba ne.
Amma da ya fara, wayyo!
Ganga ta yi ƙiba, jita ta sha man shanu,
kowace tsaga a faifai ya shafe ta da zuma.

Na biyu baƙi ne, ba fitila, ba fara'a,
sai ƙananan makunnai a bayansa
da ake turawa da tsinken sakace.
Ɗari. Ɗari biyu. Dubu.
Muka yi ta turawa har la'asar ta yi sakaliya.
Wani gurnani ya taso ƙarƙashin kiɗa,
na ce, ka ji aibinsa.
Kuluwa jikata ta leƙa baya ta ce,
Kaka, ba ku ɗaura siririyar wayar ƙasa ba.
Muka ɗaura. Ɗaki ya yi tsit kamar Binuwai da asuba.

Shekara talatin na yi ina awon auduga.
Na san sikelin da ke faranta wa manomi,
na san wanda ke faɗin abin da ke cikin buhu.

Dare na uku, da wutar Lagdo ta dawo,
na zaro faifan da ba na sa wa baƙi.
Ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ce,
guda ɗari biyu kacal aka buga,
yayana Ilu ne mai begila.
Ƙasa ta rufe shi tun ina da baƙin gashi.

A mai kwalabe, Ilu ya busa kamar ango,
sumul, ba ƙura, ba gumi.
Na ji daɗi. Ban gane shi ba.

A baƙin kuwa, ƙaiƙayin faifai ya fito fili,
ƙas, ƙas, kamar ana soya gyaɗa,
kujera ta yi ƙara, wani ya yi gyaran murya,
sannan, kafin begila ta shigo,
ga shi nan:
jan numfashi ta hanci ɗaya,
irin nasa, tun ranar da jaki ya harbe shi a Pitowa.

Na ɗaga allura na mayar.
Na sake mayarwa.
Kuluwa ta ce, Kaka, ba a fara waƙar ba fa.
Na ce, an fara.

Da safe Hamajoda ya naɗe mai kwalabe a bargo,
yana girgiza kai, wai kowa shi yake zaɓa.
Na ƙirga masa kuɗi a kan tabarma,
ya lashi yatsa ya sake ƙirgawa.
Bijimai biyu suka bi hanyar kasuwa,
ni kuma na koma ɗaki, na rufe taga,
na ba yayana wuri ya shaƙi iska.