Kejin Tudun Jukun

Ranar Talata na buɗe keji,
uku sun kwanta, zankonsu ya koma shuɗi.

Tanimu ya ce a yanke sauran tun suna motsi,
a kai Sabon Gari, ko kuɗin dusa ya fito.
Na ce, ɗan wa zai ci?
Ya sunkuya yana neman takalminsa.

Na sa leda a hannu, ƙyalle a hanci,
na haƙa rami a bayan zogale.
Na hana Lantana ɗaukar ƙwai.
Ta yi kuka. Ita ta raɗa wa farar suna.

A asibiti mai allura ta dube ni:
"Iya, wannan ta murar mutane ce,
ba ta tsuntsaye ba. Ba zan rufe ki ba."
To, mene ne amfaninta?
"Ƙofa ɗaya take rufewa.
Ɗayar kuwa, sai sabulu da ja da baya."

Ɗakina ma ƙofa biyu gare shi,
ɗaya ba sakata,
ban taɓa barin mai sakatar a buɗe ba.
Na miƙa damtse.

Tanimu bai je ba.
Wai citta da kanumfari
su suka kai kakansa casa'in.
Na dafa masa,
na ajiye sabulu kusa da butarsa.

Yau da asuba babu cara.
Na farka duk da haka,
damtsena na ɗan tsami,
ina sauraron numfashin Lantana.