Ɗinkin Bamfa

Ran Alhamis da la'asar, a ƙofar gidana a Yelwa,
Na sa giyar baya ina gaida liman yana wucewa,
Sai ji na yi ƙwas! Dogon-yaro ne ya amsa gaisuwa,
Shi da ke tsaye a nan tun muna yara.

Bamfa ta lotsa ta hagu, leɓenta ya sauka,
Kamar tsohuwar da aka faɗa wa sabon farashin kuka.
Hamajoɗa ya shafa, ya ce, “Jaka talatin, Malam, ka ɗau abinka.”
Na ce sai an jima. A raina na ce, ni zan gyara.

Asabar na shimfiɗa buhun auduga a ƙarƙashinta,
Na aro sifanu wajen Bappa Sali, tsatsa ta ci jakarta,
Lamba goma nake nema, ita kaɗai ce ta ɓata,
Sha biyu na juyawa a banza, takwas ta ƙi shiga ko an tura.

Ladiyo ’yata na tsugune da faranti,
Tana ƙirgawa da Faransanci, noti bayan noti,
Ranar Garwa kuwa ta fara narka kwaltar titi,
Gumi a ido, ƙasa na zubo mini kamar shara.

Shida sun fita lafiya. Na bakwai ya ɓuya bayan taya,
Na lalubo shi da yatsa, ya yanke ni kamar ƙaya,
Na fizga, maƙalan roba suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya,
Bamfa ta faɗo kan ƙirjina, waya ta tsinke, na yi ƙara.

Maƙwabta suka taru, shawara ba a sayenta a kasuwa,
Wani ya ce guduma, wani wuta, wani dariya yake ƙunshewa,
Sai Dudu daga madafa ta ce, “Roba ce, da ruwan zafi take russunawa.”
Ta sauke tukunyar tuwo, ta ce abincin rana ya jira.

Muka kwarara tafasasshe, tururi ya tashi,
Na sa taɓarya ta ciki, na danna, ina riƙe numfashi,
Ɓas! Lotsawa ta fito kamar kuncin da ya huce daga fushi,
Ladiyo ta daka tsalle, faranti ya kife cikin kara.

Saura tsaga, tsawon taki, daga gefe zuwa gindin lamba.
Kakana gyartai ne a Pitowa, ban taɓa gaya wa abokan aiki ba.
Na sa basilla a garwashi, na huda, na huda, ban yi gaggawa ba,
Na ɗinke da wayar birkin keke, yadda yake yi wa ƙwarya da gora.

Hannuna ya tuna abin da kaina ya manta:
Ƙulli uku, a tsallake ɗaya, a ja, a ƙara.

Mayarwa ta fi cirewa wuya, har aka kira magariba,
Dama ta zauna, hagu ta ɗaga gira, ba ta yarda ba,
Noti biyu sun rage a tafina, ramukansu ban gani ba,
Na ukun kazar Dudu ta sani, ta ƙi juyowa da na kira.

Lahadi da dare kan gadar Binuwai, tana kaɗa mini kalangu a baya,
Jandarma ya haska: “Fitilar lamba fa? Ina waya?”
Jaka biyar suka tafi, na yi murmushin wanda ya sha wuya,
Ashirin da biyar dai nawa ne, ban da fatar da na yi asara.

Na biya gareji saboda wayar. Hamajoɗa ya durƙusa, ya daɗe,
Yana bin ɗinkin da babban yatsa, ƙulli-ƙulli, inda ya haɗe,
Ya ce, “Aikin wa?” Na ce, “Wani tsoho ne da ya shuɗe.”
Ya ce, “Da yana nan, yau da na ba shi bamfa tara.”

Notin nan biyu, Ladiyo ta ce ladan ƙirgarta ne,
Suna can cikin ’ya’yan dara.