Kalmasa

A hoton farko ba za ka gane ni ba.
Ga wata 'yar yarinya a kan kujerar mai hoto,
farar riga har idon sawu, leshi a wuya,
gashi ya nannaɗe ya sauko kafaɗa.
Ni ne. Shekarata biyu.
A unguwarmu ta Bremen haka ake yi wa ɗa namiji
har sai ya daina jiƙa shimfiɗa.

Ran da na cika huɗu, almakashi ya yi magana.
Mama ta tsince gashin daga ƙasa,
ta sa a ambulan, ta rubuta: Tjark, bazara.
Baba bai ce uffan ba,
ya dai duba agogon aljihunsa
kamar girmana jirgin ƙasa ne da ya iso kan lokaci.

Sai kayan matuƙan jirgin ruwa:
shuɗiyar riga, faffaɗar kwala a baya,
fararen layuka uku,
hula ɗauke da sunan jirgin da ban taɓa hawa ba.
Hinnerk ya sa ta, Lüder ya sa ta,
kafin ta iso gare ni ta san hanyar coci da kanta.
Tabon tawadar hannun hagu na Lüder ne,
amma ni na sha faɗan.

Ɗan auta bai san ƙamshin sabon yadi ba.

Gajeren wando, baƙar safa mai ƙaiƙayi,
iskar kogin Weser tana cizon gwiwa.
A goma aka ba ni wando mai maɓalli ƙasan gwiwa,
da kwala mai sitaci da ke yankan wuya
in na waiga kallon 'yan mata.

Sau biyu a shekara Meta mai ɗinki takan zo,
fil cike da baki, tef rataye a wuya.
Tsaya cak, in ji ta ta hanci.
Ita ta san shekarunmu fiye da fasto:
ba ta ƙirga su, aunawa take yi.

Hinnerk ya samu dogon wando yana sha biyar,
baƙin ulu, karin guga kamar bakin wuƙa.
Ya sauko bene kamar mai ɗauke da ƙwai.
Ran nan Baba bai shafa kansa ba,
hannu ya miƙa masa.
Ni ina bayan ƙofa, ina kallon gwiwoyina,
ina jin haushinsu.

Daga baya aka ba shi wasu kaya, ruwan toka,
waɗanda ba Meta ta ɗinka ba.
Ba wanda ya auna shi.
Hannun rigar ya rufe masa yatsu
lokacin da yake ɗaga mana daga tagar jirgi.

Da lokacina ya zo, yadi ya yi ƙafa a gari,
ko da kuɗinka sai da takarda.
Mama ta buɗe akwati, ta fito da baƙin ulun nan.
Ya fi ni da yatsa huɗu.
Meta ta ɗaga almakashi,
Mama ta riƙe mata wuyan hannu:
Kar ki yanke. Naɗe shi ciki.
Mai shi zai dawo ya tarar da tsawonsa.

Haka na shiga sahun manya,
da kalmasa mai nauyi tana bugun idon sawuna,
ina yawo da ragowar yayana a naɗe.

Kowace bazara Meta ta warware zare,
ta sake yatsa ɗaya.
Kowace saki ta bar layi, fari-fari, zagaye da ƙafa.
Ɗaya. Biyu. Uku.
A ta huɗu babu abin saki.
Wandon ya zauna mini ɗas.
Meta ta cire fil daga bakinta, ta rasa abin faɗa,
Mama ta tashi duba tukunyar da ba ta kan wuta.

Daga nan ban ƙara tsawo ba.
Likita ya ce gado ne, dangin Baba ba su da tsayi.
Na bar shi a haka.