Dusa a Cikin Kwali

Ranar Talata likita ta ɗaga takardata sama
kamar mai duba jabun kuɗi,
ta ce, "Baba Mutawakkilu, jininka ya yi zaƙi.
Yi sallama da burodin suga.
In kana son abin taɓawa da shayi,
nemi biskit na alkama sukutum,
wadda ba a tuɓe wa riga ba."

Na tsaya bakin titi
kamar an gaya mini rasuwar aboki.
Shekara talatin ina gyaran keken ɗinki a Aboabo,
goma na bugawa, burodi a hagu,
sukudireba a dama.

Na ja jikata Barikisu, muka hau mota zuwa Adum,
kantin da sanyinsa ke shiga gwiwa.
Ni da ke zura zare a kafar allura da magariba,
rubutun bayan kwali ya gagare ni,
sawun kiyashi ya fi shi girma.

Na farko, zangarniya a gaba, launinsa ƙasa-ƙasa.
Yarinya ta karanta: farar fulawa, suga,
sai wani suga da ya sake suna,
sai rini.
Na ce ajiye, na san wannan aikin.
Ni ma an sha kawo mini mataccen keke
da sabon fenti.

Na biyu, gishiri kamar za a jeme fata.

Na uku bai yi ƙarya ba,
amma sidi tamanin da biyar, ƙwaya goma sha biyu.
Na ƙirga a yatsa: gyara uku ke nan,
in masu keken sun biya.
Na ce, to mene ne a ciki mai tsada haka?
Ta bi layin da farce, ta ɗago,
ta ce, "Kaka, dusa ce."

Dusa!
Na yi dariya har mai gadi ya leƙo.
Abin da nake dama wa tunkiyata a tsohon kwano
shi ne ya hau jirgi, ya sa kwali,
ya dawo yana yi mini Turanci.

Muka gangara kasuwar Asawase.
Kwano guda na alkama, rabi na dawa, ƙullin riɗi.
Mai niƙa ya ce, "A surfa?"
Na ce kul, Fuseini,
abin da kake zubarwa shi na zo saya.

Tanda kuwa, ta Mma Azumi ce,
wadda na guje wa burodinta kwana shida.
Ta harare ni, ta ce ta ɗauka na mutu,
sannan ta ba ni kusurwa
bayan an kwashe gashin ƙarshe.

Na farko sun fito kamar wasar inji,
ko kare ya shinshina ya wuce.
Na biyu Barikisu ta murza da kwalba,
sirara har ana ganin zanen faranti,
cokalin man gyaɗa, gishiri ɗan yatsa biyu,
ta tsattsaga da cokali mai yatsu.
Suka fito suna ƙaras-ƙaras.

Ba zan yi maka ƙarya ba, babu zaƙi.
Iska na juyowa daga wajen tanda,
zuciyata na tsallake kwata ta bar ni zaune.
Amma goma na bugawa
ina da uku a faranti, da rabin fiya,
da shayin da ya koyi zama shi kaɗai.
Azahar ta same ni ido biyu,
ban yi gyangyaɗi kan keken mutane ba.

Wata mai zuwa likita za ta sake ɗaga takarda,
abin da za ta gani, Allah masani.
Yau dai tunkiya ce ta tsaya bakin shago
tana kallon bakina, tana tuƙa.
Na gutsura mata gefe.
Na ce karɓi, Hajiya,
ashe tun can ke ce mai ilimin gidan nan.