Hannu Ɗaya

Tun Satumba nake saƙa wa Bjartur rigar sanyi,
ga Janairu ya raba, hannu ɗaya na gama.
Yaron kuwa bai jira ni ba.
Jiya na auna shi a jikin ƙofa,
ya ƙaru da yatsa uku.

A nan Nólsoy rana ba ta zama,
leƙowa take, ta gaishe mu, ta koma.
Teitur na teku, mako na biyu ke nan.
Jirgin ruwan safe ba ya jiran mai neman safa,
Sunnvá kuwa ta cusa tata a bayan murhu.
Baba na kira daga bene, wai an sace masa tabarau,
alhali yana kan goshinsa.

Littafina na cikin kwandon ulu,
ƙarƙashin zare mai ruwan toka.
A ciki akwai matar da na bari tsaye a bakin gaɓa,
da akwati a hannu,
tun kafin a yi wa tumaki aski.
Na san ƙafafunta sun gaji.

Da dare gida ya yi tsit,
sai iska ke buga taga kamar mai bin bashi.
In zauna, in rasa na ɗauka,
tsinken saƙa ko alƙalami.
In saƙa layi biyu, in rubuta rabi,
in farka shayi ya huce,
zare ya naɗe ƙafar kujera,
ita kuma har yanzu ba ta hau jirgi ba.

Rigar dai, in ta ƙare,
Sunnvá ce za ta sa.