Yatsa Ɗaya

Kwana goma sha biyu da huda maƙogwaron Evaristo,
mai ɗinkin koma a gaɓar tekun Valparaíso,
yana shan iska ta bututu a wuya.
Da la'asar Rayén ta nuna mini auduga:
ɗigo uku, ja wur, sannan shiru.
Na ce, ƙila gugar bututu ce.
Ta ce, likita, jinin da ya leƙo ya koma,
gayya ya tafi yi.

Ƙarfe biyu da kwata na dare ya dawo,
yana tsartuwa da kowane bugun zuciya.
Ashe bututu ya ci bango sannu a hankali,
yadda igiya ke cin bakin rijiya,
har ya tarar da babbar jijiya a bayan ƙashin ƙirji.

Rayén ta hura balan-balan ɗin bututu, ya cika tam.
Jini ya ja baya, ya yi shawara, ya sake tasowa.
Muka zura sabon bututu ta baki, har ƙasa da raunin,
kada masunci ya nutse a busasshen gado.
Na zare tsohon, na cusa yatsa a ramin wuya,
na laluba gaba,
na danne jijiyar a jikin ƙashi.

Ta tsaya.
Ina jin ta tana mutsu-mutsu kamar kifi a tafin hannu.

Na haye gadon, gwiwata gefen kafaɗarsa,
aka tura mu tare, kaya guda,
ledojin jini suna lilo bisa kanmu.
A baranda Clorinda ta miƙe, rungume da rigar sanyin mijinta.
Ba ni da hannun ɗaga mata.

Minti talatin da bakwai.
Hannuna ya mutu, ban saki ba.
Olavarría ya tsaga ƙirji, ya ɗaure jijiya sama da ƙasa,
ya ce, yarinya, cire.
Yatsa ya ƙi jin magana,
sai da Rayén ta kama wuyan hannuna ta ja.

Da asuba jiragen ruwa na kuka a tasha,
ni kuwa kofin shayi ya gagare ni ɗauka.

Bayan mako uku ya rubuta a takarda:
Wa ya riƙe ni?
Na miƙa masa yatsa.
Ya jujjuya shi kamar mai sayen ƙugiya,
ya rubuta: Ɗan wannan?